Matsotsin igiyoyin lantarki da maganaɗisu

Matsotsin igiyoyin lantarki da maganaɗisu shafi ne ko rufi da ake ƙerawa don ya shanye igiyoyin rediyo da na rada da suka faɗa masa, ya mayar da ƙarfinsu zafi, maimakon su dawo baya ko su ratsa ta cikinsa. Ana shafa shi a jikin jiragen yaƙi don rage ganin da rada ke yi musu, ana jera shi a bangon ɗakunan gwajin eriya, ana kuma liƙa shi a cikin wayoyin salula da kwamfutoci don kada sassansu su riƙa damun juna.

Babbar wahalar tsara shi ita ce haɗa abubuwa biyu da ba sa ga-maciji da juna: rashin kauri da faɗin zango. Matsotsi siriri yakan yi aiki ne a kan 'yar ƙaramar tazara ta igiyoyi, wanda kuwa ke shanye igiyoyi iri-iri yakan zo da kauri ko nauyi. A shekarar 2000 masanin kimiyya ɗan Rasha Konstantin Rozanov ya nuna da lissafi cewa wannan cinikin yana da iyakar da ba a ƙetarewa, kuma da ita ake auna nagartar kowane sabon tsari a yau.

Igiyoyi da ma'auninsu

Igiyar rediyo, da ta wayar salula, da ta rada, da hasken rana, duk dangi ɗaya ne. James Clerk Maxwell ya bayyana su da lissafi a shekarun 1860, Heinrich Hertz kuma ya tabbatar da su a ɗakin gwaji a ƙarshen shekarun 1880. Dukansu suna tafiya a sarari da gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Abin da ya bambanta su shi ne yawan kaɗawarsu a kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da haz. Megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ne, gigahaz ɗaya kuma kaɗawa biliyan ɗaya.

Idan aka raba gudun igiya da yawan kaɗawarta, za a sami tsawonta, wato nisan da ke tsakanin tudu ɗaya da na gaba. Wannan tsawon ne masu sauraren rediyo suka sani a kalmomin gajeren zango da matsakaicin zango. Igiyar Freedom Radio ta Kano, mai megahaz 99.5, tsawonta kimanin mita 3 ne. Ta Wi-Fi mai gigahaz 2.4 santimita 12.5 ce. Ta 5G mai gigahaz 3.5, zangon da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, ba ta kai santimita 9 ba. Ta rada mai gigahaz 10 kuwa santimita 3 ce. Kaurin matsotsi ana kwatanta shi ne da tsawon igiyar da zai shanye, don haka abin da yake mai kauri ga rada siriri ne ƙwarai ga rediyon FM.

Nagartar matsotsi ana faɗinta da desibel. Ragin desibel 10 yana nufin kashi 10 cikin 100 na ƙarfin igiyar ne ya dawo, kashi 90 ya shanyu. Ragin desibel 20 yana nufin kashi 1 ne kawai ya dawo. Faɗin zango shi ne tazarar da ke tsakanin mafi ƙanƙantar kaɗawa da mafi girma da matsotsin ke riƙe wannan ragin a kansu.

Yadda yake aiki

Ƙarfe shi ne madubin igiyoyin rediyo. Kwanon rufi, da jikin mota, da jikin jirgin sama, duk suna mayar da kusan dukan igiyar da ta doke su. Kafin a hana wannan dawowar, sai an cika sharuɗɗa biyu.

Na farko, igiyar ta samu shiga. Kowane abu yana da irin turjiyar da yake yi wa igiya, kuma turjiyar sarari kimanin om 377 ce. Duk inda igiya ta iske turjiya ta canza farat ɗaya, wani ɓangarenta zai juya, kamar yadda murya ke dawowa daga jikin dutse. Saboda haka dole fuskar matsotsi ta nuna wa igiyar turjiyar da ta yi kusa da om 377.

Na biyu, bayan ta shiga ta mutu a ciki. Wannan aikin abubuwa masu cin ƙarfin igiya ne. Wasu suna cin ɓangaren lantarki, kamar garin kabon, wanda wuta ke bi ta cikinsa da ƙyar har ta zama zafi. Wasu suna cin ɓangaren maganaɗisu, kamar garin baƙin ƙarfe da ferayit, wani irin tangaran da ake gasawa daga tsatsar ƙarfe haɗe da nikel ko manganis da zink.

Sharuɗɗan biyu suna karo da juna. Abin da ke cin igiya sosai yawanci turjiyarsa ta yi nesa da ta sarari, sai igiyar ta juya tun daga bakin ƙofa. Abin da turjiyarsa ta dace da sarari kuma yawanci ba ya cin igiya, sai ta shiga, ta doki ƙarfen da ke baya, ta fito lafiya. Dabarun tsara matsotsi duk hanyoyin sasanta wannan karon ne.

Tarihi

An fara neman matsotsi tun farkon bayyanar rada. A 1936 aka sami takardar mallakar fasaha ta farko da aka sani a wannan fanni, daga ƙasar Holan, kan wani shafi da aka haɗa da garin kabon da farin sinadarin titaniyom.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya hanzarta aikin. Jiragen saman Birtaniya da Amurka sun riƙa gano jiragen yaƙin Jamus na ƙarƙashin ruwa ta hanyar rada, ko da bututun shaƙar iskarsu ne kawai ya leƙo saman teku. Jamusawa suka fito da rufi iri biyu. Ɗaya tabarmar roba ce mai garin baƙin ƙarfe, siririya amma mai aiki a kusa da gigahaz 3 kawai. Ɗayan, wanda ke ɗauke da sunan Johannes Jaumann, hawa-hawa ne, kaurinsa kimanin santimita 7.5, yana aiki daga wajen gigahaz 2 zuwa 15. A Amurka, Otto Halpern ya jagoranci ƙera wani rufi mai kama da fenti, Winfield Salisbury kuma ya ƙirƙiri labulen da ake kira da sunansa, wanda takardar mallakarsa ba ta fito ba sai 1952 saboda sirrin yaƙi.

Ferayit a Japan aka gano shi: Yogoro Kato da Takeshi Takei suka haɗa shi a 1930, aka kafa kamfanin TDK a 1935 don sarrafa shi. Daga baya aka riƙa yin fale-falen ferayit ana liƙawa a bangon dogayen gine-gine na biranen Japan, don hana igiyar talabijin dawowa ta haifar da hoto biyu a fuskar akwati. Jirgin yaƙin Amurka F-117, wanda ya fara tashi a 1981, ya haɗa rufi mai shanye igiya da siffar jiki mai kusurwoyi da ke karkatar da igiyar rada zuwa wani gefe.

Manyan tsare-tsare

Labulen Salisbury. Shi ne mafi sauƙi. Ana kafa siririn mayafi mai turjiyar om 377 a gaban farantin ƙarfe, a bar tazarar rubu'in tsawon igiya a tsakaninsu, yawanci cike da soso marar nauyi. Igiyar da ta ratsa mayafin, ta doki ƙarfen, ta dawo, ta yi tafiyar rabin tsawonta, don haka tudunta yakan faɗa kan kwarin wadda ta juya daga mayafin, su kashe juna, ƙarfin ya ƙare a cikin mayafin. Ga gigahaz 10, tazarar milimita 7.5 ce. Irin wannan labulen yana ba da ragin desibel 20 daga wajen gigahaz 8.7 zuwa 11.3, da ragin desibel 10 daga wajen 6.3 zuwa 13.7. A gigahaz 20 kuwa ba ya shanye komai. Idan igiyar FM ake so ya shanye, tazarar za ta kai santimita 75.

Shafin Dallenbach. Shafi ɗaya ne na roba ko makamancinta, an cakuɗa shi da garin kabon ko na ƙarfe, an manna shi kai tsaye a kan ƙarfe. Da yake igiya tana gajarcewa a cikin irin wannan haɗin, rubu'in tsawonta yakan zama milimita ɗaya ko biyu. Farashin wannan sirantar shi ne ƙunci: gwargwadon yadda haɗin ke gajarta igiya ta ɓangaren lantarki, gwargwadon yadda zangon aikinsa ke tsukewa.

Matsotsin Jaumann. Labulen Salisbury ne aka jera da yawa, mayafin waje mai turjiya babba, na ciki kuma tana raguwa har zuwa ƙarfen. Igiyar tana shiga mataki-mataki ba tare da ta ci karo da babban canji ba. Kowane ƙarin hawa yana faɗaɗa zango, yana kuma ƙara kauri.

Dalar soso. Soso ne da aka jiƙa da kabon aka yanka shi tsini-tsini kamar dala. Igiya tana fara taɓa tsinin, inda yawanci iska ce, tana shiga soson yana ƙaruwa a hankali. Shi ne mafi faɗin zango da zurfin ragi, amma tsayin dalar yakan kama daga 'yan santimita zuwa fiye da mita ɗaya, don haka sai a cikin ɗaki.

Fale-falen ferayit. Kaurinsu kimanin milimita 6 ne, amma suna aiki daga wajen megahaz 30 zuwa gigahaz 1, inda tsawon igiya ke kaiwa mita 10. Aibinsu nauyi: kowace murabba'in mita tana kusan kilo 30.

Mayafi mai zane. Maimakon mayafi bai ɗaya, ana buga zanen murabba'i, ko zobe, ko gicciye, da tawada mai turjiya, ana maimaita shi a jere. Zanen yana aiki kamar kafasita da naɗin waya a cikin da'irar lantarki, yana gyara kuskuren da tazarar ke haifarwa idan kaɗawa ta kauce daga tsakiyar zango. Da haka ake samun zango mafi faɗi a kauri ɗaya da na Salisbury. Ben Munk na Jami'ar Jihar Ohio yana cikin waɗanda suka kafa ilimin waɗannan zane-zane.

Metamateriyal. A 2008 Nathan Landy da abokan aikinsa na Kwalejin Boston da Jami'ar Duke suka wallafa wani tsari na ƙananan zoben jan ƙarfe a kan allon da'irar lantarki. Kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, ya shanye kashi 88 cikin 100 a gigahaz 11.5. Aikin ya jawo bincike mai yawa, sai dai zangonsa ƙunci ne sosai. Masu bincike sun riƙa faɗaɗa shi ta hanyar haɗa zobba masu girma daban-daban, ko jera hawa da yawa, ko sanya ƙananan turjiyoyi a cikin zanen.

Iyakar Rozanov

Rozanov ya duba kowane matsotsi da ke kan ƙarfe, wanda ba a ba shi wuta daga waje, halinsa ba ya canzawa da lokaci, igiya kuma tana faɗa masa a miƙe. Ya nuna cewa jimillar shanyewar da zai iya yi a kan dukan tsawon igiyoyi tana da iyaka, kuma abu biyu ne kawai ke tsayar da ita: kaurinsa da ƙarfin maganaɗisun abin da aka yi shi da shi. Ana iya rubuta ta haka:

d ≥ Δλ × |ln ρ| ÷ (2π² μ)

A nan d shi ne kauri, Δλ bambancin tsawon igiya mafi tsawo da mafi gajarta a zangon da ake so, ρ girman igiyar da aka yarda ta dawo, μ kuma ƙarfin maganaɗisun abin, wanda yake 1 ga duk abin da ba ruwansa da maganaɗisu. Ga ragin desibel 10, dokar ta zama mai sauƙin riƙewa: a raba Δλ da 17. Ga ragin desibel 20, kaurin ya ninka biyu.

Misali, ana son shanye kashi 90 cikin 100 daga gigahaz 2 zuwa 18, zangon da yawancin rada ke ciki. Tsawon igiya ya kama daga santimita 15 zuwa 1.7, bambancin kimanin 13.3. An raba da 17, an sami kusan milimita 7.8. Duk wani tsari marar maganaɗisu da bai kai wannan kaurin ba, ba zai cika sharaɗin ba, komai kyan zanensa. Idan aka ɗaga ƙasan zangon daga gigahaz 2 zuwa 4, kaurin da ake bukata ya faɗo zuwa wajen milimita 3.4. Wannan ya nuna cewa ƙananan kaɗawa ne ke cin kauri. Ƙara zango ta sama kusan kyauta ne.

Dokar tana kuma bayyana wanda ya yi ɓarnar kauri. Labulen Salisbury na gigahaz 10 yana da milimita 7.5, alhali iyakar zangonsa kimanin milimita 1.5 ce, wato ya ninka ta sau biyar. Sauran shanyewar tasa ta zube ne a wajen zangon, inda ragin bai kai desibel 10 ba, da kuma a tsakiya, inda ya zarce abin da ake nema. Tsari mai kyau shi ne wanda ragin nasa ya daidaita a kan abin da aka nema daga farkon zango zuwa ƙarshe, ya kuma yanke da sauri a wajensa.

Maganaɗisu ne hanya ɗaya da dokar ta bari a buɗe. Matsotsi marar maganaɗisu da zai ba da ragin desibel 10 daga megahaz 30 zuwa gigahaz 1 sai ya haura rabin mita, amma ferayit mai μ sama da 1,000 yana yin aikin da milimita 6. Sai dai nan ma akwai shinge. A 1948 J. L. Snoek na kamfanin Philips ya nuna cewa gwargwadon girman μ na ferayit, gwargwadon ƙanƙantar kaɗawar da yake daina aiki a kanta. Shi ya sa a zangon rada ake komawa ga garin baƙin ƙarfe, wanda μ ɗinsa ƙarami ne amma yana jurewa har zuwa gigahaz da yawa.

Matakan tsarawa

Mai tsarawa yakan fara da tsayar da bukata: zangon da ake so, zurfin ragi, iyakar kauri da nauyi, da yanayin da abin zai zauna. Sai ya gwada bukatar da iyakar Rozanov. Idan ta saɓa mata, a nan ake rage buri ko a shigo da maganaɗisu, kafin a kashe kuɗi.

Daga nan ana auna halin lantarki da na maganaɗisu na kayan da za a yi amfani da su. Ana fara lissafi da ɗaukar kowane hawa a matsayin guntun layin wuta, kowane zane a matsayin turjiya da kafasita da naɗin waya. Da yake haɗe-haɗen da za a iya yi ba su ƙidayuwa, kwamfuta ake bai wa aikin zaɓe. Tun 1993 Eric Michielssen da abokan aikinsa suka nuna amfanin dabarar da ke kwaikwayon gado: a haifi tsare-tsare da yawa, a zaɓi nagartattu, a haɗa su, a maimaita. Ana tabbatar da sakamakon da manhajoji irin su CST Studio Suite da Ansys HFSS.

A ƙarshe ana ƙera samfuri a auna. Hanyar da aka saba ita ce kafa eriya biyu a kan wani baka, ɗaya na aikawa ɗaya na karɓa, a fara auna farantin ƙarfe tsirara, sannan a ɗora samfurin a kansa a ga bambanci. Ana maimaitawa daga kusurwoyi daban-daban, domin yawancin tsare-tsare suna raunana idan igiya ta zo a karkace.

Amfani

Baya ga aikin soja, matsotsi ne ke rufe bangon ɗaki marar amsa-kuwwa, inda ake gwada eriya, da wayoyi, da motoci, da tauraron ɗan'adam kafin a fitar da su. A filayen jiragen sama masu rada, irin na Malam Aminu Kano, dawowar igiya daga manyan gine-gine na iya nuna jirgi inda babu shi, kuma rufe bango da matsotsi yana cikin magungunan da ake amfani da su a wasu ƙasashe. A Japan ana liƙa shi a rumfunan karɓar kuɗin hanya masu aiki da gigahaz 5.8, don kada na'ura ta karanta motar da ke layin maƙwabta. Radar motocin zamani mai gigahaz 77 ma tana bukatar ƙananan matsotsai a kewayenta.

Kayan gida da tarkacen gona

Soson da ake yin dala da shi daga man fetur yake, yana da tsada, yana kuma iya kama wuta idan igiya mai ƙarfi ta zafafa shi. Wannan ya sa ake neman madadinsa. Masu bincike a Jami'ar Malesiya ta Perlis sun ƙera dala da buntun shinkafa haɗe da danƙo a wajen 2010, suka nuna tana shanye igiyoyin gigahaz. An kuma gwada gawayin ɓawon kwakwa, da na tuƙar rake, da na ɓawon gyaɗa, domin gawayin tsiro yana da kabon da ƙananan ramuka masu rage nauyi. Irin wannan tarkace yana da yawa a arewacin Najeriya, daga buntun injinan shinkafa na Kura zuwa ɓawon gyaɗa da karan dawa na gonakin Gaya da Ajingi.

Waɗannan kayan suna rage tsada, amma ba su da maganaɗisu, don haka dokar raba Δλ da 17 tana kansu yadda take. Sun fi dacewa da ɗakin gwaji, inda kauri ba matsala ba ne. Suna kuma shan danshi, halinsu yana bambanta daga buhu zuwa buhu, ga kuma gara.

Inda bincike ya dosa

Da yake iyakar Rozanov ta tsaya ne kan sharuɗɗa, ana gwada karya sharuɗɗan kansu. Wasu suna sanya sassan lantarki da ake ba wuta daga waje, wasu suna yin matsotsi mai sauya zangonsa bisa umarni, wasu kuma mai canza halinsa da sauri yayin da igiyar ke cikinsa. Waɗannan tsare-tsare suna bukatar wuta, suna da wuyar daidaitawa, kuma yawancinsu ba su fita daga ɗakin gwaji ba. Sauran matsalolin da ake fama da su sun haɗa da jure zafi a jikin jirgi mai gudu, da tsatsar garin ƙarfe a iskar teku, da yin matsotsi mai lanƙwasuwa, da wanda haske ke ratsawa don a sa shi a gilashin taga.